Sa Hannun da Ya Rage

Duk wanda ya san Issoufou a unguwar Highbridge ya san ba mutumin zama ba ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana New York, ya sake gida sau takwas, kuma duk a cikin Bronx, daga wannan tudu zuwa wancan. Wani gidan ya ce sanyi ya yi yawa, wani ya ce maƙwabcin sama yana ja masa kujera a tsakar ka, wani kuwa babu abin da ya yi masa, wayar gari kawai ya yi ya ji ya ishe shi. Tun a gida na huɗu matarsa ta daina kafa ƙusa a bango.

Sana'a ma haka. Ya sayar da jaka da bel a bakin titi a Harlem, ya wanke kwanuka, ya wanke motoci, ya ja tasi har bayansa ya ƙi. Yanzu shekara shida yana tuƙa wata farar mota mai kai tsofaffi asibiti ta dawo da su, kuma wannan aikin ne kaɗai ya riƙe shi, don shi kansa aikin yawo ne. A tsaye yake shan shayi. A masallaci liman na yin sallama yana neman takalmi, addu'arsa a hanya yake ƙarasa ta. Mutum ne mai kirki, ba ya rowa, ba ya riƙe mutum a zuci, amma zama da shi akwai gajiya, ko kallonsa ka yi sai ka ji kamar kai ma ka makara zuwa wani wuri.

In an yi masa magana sai ya ce jini ne. Shi ɗan Agadez ne, jikan madugai, waɗanda suka yi ta jan ayarin raƙuma suna ɗauko gishiri da dabino. Da ayari ya ja baya mahaifinsa ya koma tuƙa babbar mota, shi kuma ya hau jirgin sama. Kuma maganar ba ta taɓa ƙarewa ba tare da an zo kan gidan ba, gidan kakanninsa da ke cikin tsohon gari. Zaurensa raƙumi da kaya yakan shiga bai sunkuya ba. Ɗakunan baƙi tara ne. Akwai rumbun gishiri wanda har yau awaki ke lasar bangonsa. Shekarun gidan kuwa sun danganta da mai sauraro: in Bakano ne ɗari biyar, in mutumin Kumasi ne da ba zai yi gardama ba sai a ƙara masa ɗari. Amma tsufa dai gidan ya tsufa, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

A cikin gidan aka haife shi, a ciki mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, kuma ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Shamsiya, ita ta riƙe shi har ya yi gemu. Yanzu ta haura tamanin, kuma ita kaɗai ta rage a ciki. Sauran duk sun watse, wasu Yamai, wasu Kano, wasu sababbin unguwanni inda ake ginin siminti.

Farkon shekarar nan ne wata ƙungiya mai kula da tsofaffin gine-gine ta zo ta duba gidan. Suka ce za su gyara shi kafin damina, su sake azara, su yi yaɓe, su tokare bangon gabas da ya fara kwanciya, sannan a buɗe shi mutane su riƙa shiga kallo. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai kwana a ciki. Ƙaninsa Abdul-Hanan ya riga ya gina wa Gwaggo ɗaki biyu da famfo a gidansa. Magada goma sha biyu ne, goma sha ɗaya sun sa hannu, saura Issoufou, wanda shi ne babba. Wata uku yana ƙi. Duk wanda ya kira shi amsa ɗaya yake samu: shi ba zai fitar da Gwaggo daga gidan ubanta don baƙi su zo su ɗauki hoto ba. Ya yi faɗa da Abdul-Hanan, ya daina gaisa da 'yan'uwa biyu, ya rame har matarsa ta fara zargin ciwon suga.

Ranar Asabar saƙon murya ya shigo. Abdul-Hanan ya yi gaisuwa a taƙaice, ya ce, "Yaya, kowa ya sinye takarda, ya sa hannu, kai ɗai ka rage. Mutanen sun ce Litinin, in babu, su tahi wani gida. Kuma bangon gabas ba shi kai wata damina, na hwaɗa ma." Issoufou ya saurare shi sau shida, sau biyu a kicin, sau biyu a matakala, sau biyu a cikin mota.

'Yarsa Nafissa ce ta gaji. Shekararta ashirin da ɗaya, a Bronx aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Mount Hope tana kuma karatu. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, sai fa in maganar ta kai mata wuya, nan ne take ɗauko Hausarta mai ɗingishi. Da Hausa ta tambaye shi ran Lahadi da safe, bayan ya yi sintiri tsakanin taga da firji har ya hana ta karyawa: shi da yake ta cewa "gidan kallo, gidan kallo" kamar zagi, ya taɓa shiga ko ɗaya? Shekara ashirin da biyu a garin da gidajen tarihi suka yi yawa, ya sauke fasinja a ƙofarsu ba adadi, bai taɓa leƙa ko guda ba. Ta ce akwai gidan wani tsohon attajiri can ƙasan Manhattan, an bar shi yadda yake, ta riga ta sayi tikiti biyu. Ya je ya ga abin da yake ƙi da idonsa, sannan ya ƙi da hujja.

A jirgin ƙasa kujeru fanko, shi yana tsaye riƙe da ƙarfe.

Gidan na jan bulo ne, hawa huɗu, siriri, an matse shi tsakanin wani dogon gini na gilashi da kantin sayar da kofi. Issoufou ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi shekarunsa. Da Nafissa ta ce bai cika ɗari biyu ba, sai ya yi tsaki ya ce ai jariri ne, a Agadez ko bangon bayan gida ya girme shi. Duk da haka da suka hau matakalar ƙofa ya tsaya ya yi sallama, ya sake yi, ya yi ta uku da ƙarfi, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe. Matar da ke karɓar tikiti ta leƙo tana murmushi ta ce ya mayar da su, ba a tuɓewa. Nafissa kamar ta nutse. Shi ko a jikinsa, ya mayar da takalmin yana gunaguni, sannan ya ce a tambayar masa ina masu gidan, ya fara gaishe su, ba a shiga wa mutane gida haka kamar akuya. Aka ce masa ta ƙarshensu ta rasu kusan shekara casa'in da suka wuce. Ya ce Allah sarki.

Su tara ne masu kallo, mai yi musu bayani wata dattijuwa ce mai farin gashi da tabarau rataye a wuya. A hankali take tafiya, a hankali take magana, wato duk abin da Issoufou ba ya iyawa. Kafin ta gama da ɗaki ɗaya ya leƙa uku ya dawo. Attajirin, in ji ta, fataucin fatu da yadi yake yi ta jirgin ruwa. Wannan ya ɗan sa Issoufou ya saurara, don fatu sana'ar da ya sani ce. Ya sa Nafissa ta tambaya ina abokan cinikinsa ke kwana in sun zo daga nesa. Dattijuwar ta ce a masauki, cikin gari. Ya dubi 'yarsa ya girgiza kai. Attajirin da baƙonsa ke kwana a waje, a wurinsu ba attajiri ba ne, mai kuɗi ne kawai.

Ko'ina jar igiya ce a gicciye a bakin ƙofa, ka tsaya daga nan ka miƙa wuya. Ga teburi an jera faranti goma sha biyu, ba ko ƙwayar shinkafa. Ga gadaje an gyara, ba alamar bayan mutum. Abin da ya fi damunsa ƙamshin wurin: babu hayaƙi, babu man suya, babu turaren tsohuwa, sai warin man goge katako. Ya kai hannu ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kamar yadda ake yi a gida a ji ko yaɓe ya saki. Nafissa ta ce, "Baba, don't touch." Ya janye hannun, amma ya riga ya ji abin da yake son ji, kuma bai ji daɗinsa ba. Bangon lafiyarsa lau. Ya ɗaga kai ya bi rufin da ido daga kusurwa zuwa kusurwa, babu tsaga, babu shatin ruwa. Kuma ga mutum tara, har da wasu biyu da suka zo daga wata ƙasa, suna tsaye suna sauraron sunan wani mai sayar da fatu da ya daɗe da zama ƙasa. Ya juya ya tambayi Nafissa a hankali ko ta san sunan kakan da ya gina nasu gidan. Ta ce ya taɓa faɗa mata, amma ta manta. Ransa ya ƙara dagulewa, don ya zo ne ya tsani wurin gaba ɗaya, ga shi wurin ya ƙi ba shi haɗin kai.

Kicin ne ya cece shi. Yana can ƙasa, da ƙaton murhu na ƙarfe da tukwane a rataye, kowace an goge ta tana ƙyalli. Ya faki ido ya miƙa hannu ta saman igiya ya taɓa murhun. Sanyi ƙalau. Nan take ya hango a ransa murhun Gwaggo, duwatsu uku da suka yi baƙi tun kafin a haifi mahaifinsa, an share tokarsu an gicciya musu igiya, wani yaro mai katin aiki rataye a wuya yana nuna su da sanda. Ya ce wa Nafissa ya gani, ya gode, kuɗin tikitinta bai tafi a banza ba, kuma ba zai sa hannu ba ko bangon gabas zai faɗo masa a kai. Ya nufi ƙofa. Ita ta riƙo hannun rigarsa ta ce saura ɗaki ɗaya, ya yi wa dattijuwar kara.

Ɗakin na hawa na biyu ne, ta baya, kuma bai yi kama da sauran ba. Ƙarami ne. Gado ɗaya na mutum ɗaya, kujera ɗaya a jikin taga, kofi ɗaya, ɗan murhun gawayi, sai bokitai uku na ƙarfe a jere a gindin bango. Dattijuwar ta ce nan ne ɗakin autar attajirin. 'Yan'uwanta duk sun yi aure sun bar unguwar, ita ta zauna, shekara talatin da ɗaya ita kaɗai. Da ƙarfinta ya ragu ta riƙa rufe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya har ta dawo wannan. Bokitan na tarar ruwa ne in rufi ya yi yoyo. Kuma don ba ta sayar da komai ba, ba ta canza komai ba, shi ya sa gidan ya kai yau.

Nafissa na fassara masa abin da ya kuɓuce masa, shi kuwa ƙirjinsa na buɗewa. Ya ce ka ji 'yar halak, wannan irin Gwaggo ce, irinsu ne ke riƙe gida ba 'yan takarda ba. Ya matsa gaba har cikinsa ya taɓa igiya, ya tattaro Turancinsa na tasi ya tambayi dattijuwar da kansa: lallai matar nan ta so gidan nan ƙwarai ko?

Dattijuwar ta ce mutane da yawa suna tambayarta haka, kuma gaskiya ba su sani ba. Suna da wasiƙu arba'in da wani abu da dangi suka aiko mata, kowace tana yi mata godiya, kowace tana yabon haƙurinta, amma ita dai ta karanta su duka ba ta ga wadda aka tambaye ta ko tana son zaman ba. Amsoshinta kuwa, 'yan kaɗan da aka samu, ba komai a ciki sai labarin sanyi da zafi da cewa tana nan lafiya.

Issoufou ya nemi Nafissa ta maimaita masa da Hausa, ko da yake ya ji. Ta maimaita.

Kowace Juma'a yana kiran Gwaggo, bai taɓa fashi ba, yana ma alfahari da hakan. Ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya ƙafa. Lafiya lau, alhamdu lillahi, zafi lokacinsa ne, ƙafa da sauƙi. Ta sa masa albarka, ya ce amin, ya kashe waya yana jin ya sauke nauyi. Wata uku yana yaƙi da mutum goma sha ɗaya da sunanta, kuma ko sau ɗaya bai ce mata, Gwaggo, ke me kike so ba. Ba mugunta ba ce. Ba a yi wa babba irin wannan tambayar kai tsaye, kunya ce, kamar kana cewa ta gaji da gidan ubanta. Sauran magadan ma ba wanda ya tambaye ta, su sun yanke cewa ta tashi, shi ya yanke cewa ta zauna, kowa yana ganin shi ne mai tausayinta. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa gumi a bayan wuya.

Bai jira ƙarshen bayani ba. Ya sauka matakala bibbiyu, ya wuce mai karɓar tikiti ba sallama, ya fita titi. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, wato a Agadez ana dab da magariba. Ya yi taku goma zuwa kantin kofi, ya dawo, ya sake komawa, sannan ya danna lambar. Nafissa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matso ba.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Gwaggo ta yi mamakin kira ran Lahadi, ta tambaya ko lafiya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa, don sunan mahaifinta ne, Mai Sunan Baba take ce masa. Suka shiga gaisuwa, ta tambayi matarsa, ta tambayi ɗiya, ta fara zancen zafi. Ya katse ta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta gafarce shi, tambaya gare shi. Zaman gidan nan, tana so, ko ta gaji?



"Mi ya kawo wannan magana?" in ji ta.

Ya ce so yake ya ji daga bakinta.

"To ai kai ka ce in riƙe ma."

Ya ce yaushe.

"Ranar da za ka tahi. Cikin zaure, kana rataye da jaka, mota na jiranka. Ka ce, Gwaggo, ki riƙe min gidan har in komo. Na ce to."

Ya lalubi ranar a kansa. Ya tuna jakar, ya tuna direban na ta danna oda, ya tuna yana sauri. Maganar kuwa ko alama bai tuna ba. Irin abin nan ne da matafiyi ke jefawa yana fita don kada a yi kuka. Ya ce mata, Gwaggo, ai wannan faɗa ce kawai.

"Gare ka," ta ce, ba faɗa a muryarta. "Ni mai sunan ubana ya ba ni amana bakin ƙohwa, in ce mishi mi? Abdul-Hanan ya zo da mota sau ukku. Na ce sai wanda ya aje ni ya sallame ni."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa tuntuni. Ta ce bai tambaya ba, ita kuma ba ta roƙon a sauke mata amana, ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Da ya matsa, sai ta faɗa masa sauran, a taƙaice, kamar mai ba da labarin wata. Damina huɗu ke nan in hadari ya haɗo a zaure take kwana, don nan ne kaɗai take da tabbacin rufin. Ƙafar da take ce masa da sauƙi ba ta kai ta rijiya, maƙwabciya ke ɗebo mata. Ta ce tana son gidan, nan aka haife ta, amma tsoronsa take ji yanzu, kuma ba ta so a tono ta daga ƙarƙashin ƙasar ubanta.

Mutane na wucewa ta gefensa da kofunan kofi a hannu. Issoufou ya dafa ƙarfen matakala, ya ce, "Gwaggo, na sallame ki. Ki yahe min."

"Ka sallame ni?"

"Na sallame ki."

Ta ce alhamdu lillahi sau biyu. Ya jira albarkar da ta saba sa masa, ba ta zo ba. Sai ya ji ƙarar an ajiye waya a kan wani abu, ba a kashe ba, don ba ta taɓa iya kashewa ba, kullum shi ke yi. Ya ji jan takalminta yana nisa, sannan muryarta daga tsakar gida, da ƙarfin da bai san tana da shi ba, tana ƙwala wa maƙwabciya kira ta kan katanga. Tana cewa a aika wa Abdul-Hanan ya kawo mota gobe da sassafe, kada ya bari rana ta yi. Maƙwabciyar ta tambayi wani abu da bai ji ba, ya dai ji amsar.

"A'a, ba sai an ɗaure komi ba. Kayana a ɗaure suke tun bara waccan."

Nafissa ta sauko ta miƙa masa wayarta, takardar da magadan suka sa wa hannu a buɗe, ta nuna masa layin da zai ja da yatsa. Ya karɓa da hannun hagu ya rattaba sunansa, na daman yana riƙe da tasa wayar a kunne, yana jin Gwaggo tana dariya da maƙwabciyarta.